Sharhi kan jirgin da ya kai mu Jidda daga Birnin Kebbi

Jirgin da ya ɗauke mu daga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello zuwa Jidda ya shafe kimanin awa biyar a sama, a tafiyar da ta haura kilomita 3,500. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda wata ma'aikaciya ta durƙusa ta ɗaure wa wata dattijuwa 'yar Argungu bel ɗin kujera, tana cewa, "Hajiya, kwantar da hankalinki." An kuma sanar da mu tun kafin mu kai daidai miƙati, kowa ya samu damar ƙulla niyya. Sai dai kujerun sun matse ƙwarai, kuma babu wanda ya tunatar da mu cewa agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, har wasu suka rikice kan lokacin sallah.