Ɗan sikelin da na saya don awon albarushi: abin da na gani cikin wata bakwai

Mu goma sha ɗaya ne 'yan bindigar da ke raka hakiminmu hawan sallah a nan ƙasar Ringim, kuma tun tasowata kowa da ma'auninsa na albarushi. Wani guntun gora, wani ƙahon akuya, Baffa kuwa tafin hannunsa ne kawai. A Babbar Sallar bara bindigar wani yaronmu ta tsage a hannunsa saboda ɗuri ya yi yawa. Allah ya tsare rai, amma yatsunsa biyu har yau ba sa lanƙwasuwa. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa da na shiga Kano na sayo ɗan sikelin batir irin na masu awon zinare.

Girmansa bai fi wayar hannu ba. Yana ɗaukar giram 200, yana nuna har 0.01, kuma akwai ɗan dutsen gwaji mai giram 50 a cikin kwalinsa. Idan ka danna maɓalli yana komawa giren, awon da masu ɗura harsashi a Amurka suke aiki da shi. Giram ɗaya ya ɗan haura giren 15. Kafin ka biya kuɗi, ka duba wannan sifili biyun. Akwai masu nuna 0.1 kawai, kamarsu ɗaya a ido, amma ba su kai wannan gani ba.

Ranar farko na shimfiɗa tabarma a zaure, na ɗora shi kan allo, na ce kowa ya kawo ma'auninsa. Abin da ya fito ya sa zauren ya yi tsit. Ƙahon da muke ɗauka daidai yake da gorar nan, ashe ya kusa ninka ta. Ko ma'auni ɗaya ma, idan ka girgiza shi garin ya zauna, lambar sai ta canza. Baffa ya daɗe yana kallon gilashin, sannan ya ce, "Ɗan nan, sake aunawa in gani." Na sake har sau uku.

Yanzu ga inda yake ba ni haushi. Ba ya son iska ko kaɗan. Ko numfashi ka yi kusa da shi lambar ƙarshe sai ta yi rawa. Da hunturu ya kama, garin ya riƙa mannewa a ɗan farantin robarsa, sai da na koma amfani da ƙaramin kofin tagulla. Idan batir ya fara sanyi ba ya mutuwa kai tsaye, ƙarya yake fara yi, kuma wannan ya fi mutuwar haɗari. Don haka ba na fara awo sai na ɗora dutsen nan na ga 50.00. Wani lokacin nakan ƙara da sirinji: ruwa mil 10 ya kamata ya ba ka giram 10 ko dab da haka.

Da zan samu sikeli mai sanda da ɗan nauyi mai zamewa, irin wanda kamfanonin RCBS da Lee suke yi, shi zan fi so a ƙauye, domin ba ruwansa da batir. Sai dai na zaga ban gan shi ba.

Ba na fita da nawa filin hawa. A gida muke amfani da shi, nesa da murhu da masu shan taba, mu daidaita ma'aunin kowa da bindigarsa bisa abin da maƙerinmu ya ce za ta iya ɗauka. Kuma sikeli ba zai cece ka ba idan ka zuba garin cikin harsashin zamani a adaka; ƙarfinsa daban ne, fasa ta zai yi.

A Ƙaramar Sallar da ta wuce, Baffa da kansa ya aiko jikansa tun daren jajibere, wai in zo da "na'urar nan" kafin a fara rabon albarushi.