Sharhi kan na'urorin Arccos: me za su iya yi wa ramin golf da ya zame maka ƙarfen ƙafa?

Duk wanda ke buga golf don nishaɗi a fili guda yana da rami biyu ko uku da ke lalata masa katin da ake rubuta yawan bugu kusan kowane mako. Yakan buga ramuka 15 lafiya lau, sai waɗannan su ci masa bugu bakwai ko takwas kowanne. Idan aka tambaye shi dalili, amsar da zai bayar daga tunaninsa za ta fito, kuma tunanin ɗan wasa ba shaida ba ne mai kyau: yana riƙe bugun da ya fi kyau a shekara, ya manta da guda goman da suka biyo baya. Wannan giɓin ne na'urorin kamfanin Arccos na Amurka suke ƙoƙarin cikewa, kuma a kan wannan ma'auni ya kamata a auna su.

Abin da ke cikin kwalin ƙananan na'urori ne guda 14, daidai da adadin sandunan da doka ta yarda ɗan wasa ya ɗauka a jakarsa. Guda 13 iri ɗaya ne, ɗaya kuma na sandar gangara ƙwallo cikin rami ne. Kowace tana da ɗan kusa mai zare da ake murɗawa cikin hudar da ke ƙarshen mariƙin sanda. A murɗa da hannu har ta zauna daram a kan robar, a tsaya nan. Idan aka ci gaba da matsawa hudar za ta buɗe, na'urar ta riƙa kwancewa. Daga nan sai a sauke manhajar kamfanin a waya, a haɗa kowace na'ura da sandarta ɗaya bayan ɗaya. A nan ake yin kuskuren farko. Idan ka ɗaura na'urar da ka yi wa rajista da sunan sandar ƙarfe mai lamba 7 a kan mai lamba 8, duk nisan da za a nuna maka na sandunan biyu ƙarya ne, kuma ba za ka gane ba sai lissafin ya daɗe da gurɓacewa.

A fili, na'urar tana jin lokacin da sanda ta daki ƙwallo, ta aika wa waya saƙo, wayar kuma ta rubuta wurin da kake tsaye ta hanyar GPS. Saboda haka ake son wayar ta kasance a aljihun gaba na wando. Wanda ya bar ta a jaka ko a cikin motar fili zai tarar da bugunsa a rubuce a inda bai taɓa tsayawa ba. Ga wanda waya a aljihu ke damunsa, kamfanin ya fitar da wata ƙaramar na'ura mai suna Link da ake maƙalawa a jiki, ita ke sauraron bugun a madadin wayar. Batirin na'urorin sanda a rufe yake, ba a canza shi, idan ya ƙare sai a sauya na'urar. Manhajar kuma tana buƙatar biyan kuɗin zama memba duk shekara, abin da mai saye ya kamata ya sa a lissafinsa tun farko. Kamfanin Shot Scope na Sikotilan yana da agogon hannu mai irin wannan aiki wanda ba ya neman kuɗin shekara, don haka akwai zaɓi.

Amfanin gaske yana farawa ne bayan zagaye biyar, wato buga ramukan fili 18 sau biyar, ya fi kyau ma a jira goma. A lokacin ne za ka iya buɗe rami guda a zagaye daban-daban, ka ga inda ƙwallonka ke faɗawa a taswira.

Ɗauki dogon rami mai par 4, wato wanda ake sa ran gwani ya gama da bugu huɗu, yadi 410, da fararen turaku na iyakar fili a hannun dama. Dokar fita iyaka mai tsanani ce: a ci ka tarar bugu ɗaya, sannan ka koma inda ka buga. Wanda ya fitar da ƙwallo daga wurin bugun farko, bugun da zai sake yi shi ne na uku a lissafi, kuma ko ya buga ƙwallo na biyun ba tare da kuskure ba, da shida zai tashi. A ce taswira ta nuna maka cewa cikin bugun farko goma, uku sun fita iyaka. Bugu shida ke nan ka zubar a rami ɗaya, kuma babu wani horon gangara ƙwallo da zai dawo maka da su. Abin da taswirar ke ƙara nunawa, wanda ido ba ya gani daga wurin bugu, shi ne faɗin warwatsuwar ƙwallayenka. Idan tsakanin wanda ya fi karkata hagu da wanda ya fi karkata dama akwai yadi 60, kuma kana saitin tsakiyar hanya, wato gajeriyar ciyawar da ta nufi rami, alhali turakun na yadi 20 daga dama, to kai da kanka ka sa wani kaso na bugunka a waje tun kafin ka ɗaga sanda. Maganin a matsar da saitin yadi 15 ko 20 zuwa hagu, ko da zai kai ka cikin doguwar ciyawa. Ciyawa tana cin ɓangaren bugu, iyaka tana cin biyu cif.

Akwai masu ba da shawarar a ajiye babbar sandar bugun farko gaba ɗaya a irin wannan rami. Ba kullum hakan ke da amfani ba. Binciken Mark Broadie, farfesa a Jami'ar Columbia, wanda ya fito da tsarin auna kowane bugu da ribar ko asarar da ya jawo, ya nuna cewa nisa yana da daraja sosai, kuma manhajar Arccos irin wannan lissafi take amfani da shi. Kafin ka koma gajeriyar sanda, duba ko da gaske ta fi zama a hanya a hannunka. 'Yan wasa da dama za su tarar cewa sandar itace mai lamba 3 tana warwatsa musu ƙwallo kusan yadda babbar ke yi, ga kuma asarar nisa. Idan haka ne, ba ka sayi komai da sauyin ba.

Ga mai handikaf 18 kuma, wato lambar da ke nuna matsayin ɗan wasa da rangwamen bugun da ake ba shi, akwai lissafin da ke sauke nauyi daga zuciya. Yana da kyautar bugu ɗaya a kowane rami, don haka biyar a wannan rami daidai take da par a wurinsa. Yadi 180, sai 150, sai 80, ga shi a kan lallausar ciyawar da ke kewaye da rami a bugu uku, da gangarawa biyu ya gama. Babu bugu ɗaya a cikin ukun da ke buƙatar bajinta.

Ramin par 3 da ake tsallake ruwa shi ne inda na'urar ta fi amfani, kuma shi ne inda za ta iya yaudararka idan ba ka fahimci yadda take awo ba. Tana auna tazarar da ke tsakanin inda ka buga da inda ka sake bugawa. Wato nisan da take ba ka ya haɗa da mirginawar ƙwallo a ƙasa. Ruwa kuwa bai san mirginawa ba, nisan da ƙwallo ya yi a sama kawai ke tsallake shi. Idan manhaja ta ce ƙarfenka mai lamba 7 yana kai yadi 145, wataƙila a sama 138 yake yi a fili mai taushi, ƙasa da haka ma idan ƙasa ta bushe ta yi tauri. Idan bakin ruwa na can ƙetare yana yadi 140, wannan sanda ba ta isa ba, duk da lambar da ke kan waya ta wuce 140. Hanyar da ta fi aminci ita ce a duba nisa uku da manhaja ke bayarwa, gaban lallausar ciyawa da tsakiyarta da bayanta, a zaɓi sandar da matsakaicin nisanta ya kai lambar baya. Ɗan wasan nishaɗi ba kasafai yake samun tsakiyar fuskar sanda ba, don haka mafi yawan kurakuransa gajarta ce. Bugun da ya ɗan kauce zai sauka a tsakiya, wanda ya fita tsaf zai tsaya a baya, dukansu a busasshiyar ƙasa.

Manyan 'yan wasa ma wannan lissafin ke raba su. Rami na 12 a filin Augusta na Amurka, inda ake gasar Masters, mai par 3 ne, yadi 155 kacal, da rafin Rae a gabansa. A 2016 Jordan Spieth yana kan gaba a ranar ƙarshe ta gasar Masters, ya jefa ƙwallo biyu a ruwan, ya tashi da bakwai. A 2019, Francesco Molinari da Brooks Koepka da Ian Poulter da Tony Finau duk sun faɗa rafin a ranar Lahadi, tutar da ke nuna inda ramin yake tana can hannun dama. Tiger Woods ya rabu da tutar, ya buga can hagu da ita inda fili ya fi aminci, ya gangara sau biyu, ya ci gasar. Shi ɗin ne kuma ya yi bugu goma a wannan rami a 2020. Darasin da ɗan wasan nishaɗi zai ɗauka shi ne a yanke shawarar inda za a saita tun ana gida, lokacin da gaba ba ta faɗuwa, kuma manhajar tana ba da damar buɗe taswirar fili kafin ranar wasa don yin hakan.

Inda na'urar ba ta kai ba shi ne daƙiƙun da mutum ke tsaye a kan ƙwallo. Mai tsoron rami yakan ƙanƙame mariƙi, ya gajarta ɗaga sanda, ya yi gaggawar saukowa, fuskar sanda ta iso a buɗe, ƙwallo ya tafi daidai inda yake gudu. Idonsa na ƙarshe ma a kan ruwan yake ko a kan turakun, jiki kuma yakan bi inda ido ya tsaya. Wannan sai an gyara shi da tsari na kanka. Ka tsaya bayan ƙwallo, ka zaɓi abu ƙarami guda, reshen bishiya ko gefen kwarin yashi, ka nemo wata alama a ƙasa kamar taku ɗaya gaban ƙwallo a kan wannan layi. Ka gwada lilon sanda sau ɗaya, ka saki dogon numfashi, ka daidaita fuskar sanda da alamar, ka kalli abin da ka zaɓa sau ɗaya, ka buga. Dokokin wasa suna ƙarfafa a buga cikin daƙiƙa 40, tsarin nan kuwa bai kamata ya ci rabin haka ba, domin daɗewa a kan ƙwallo shi ke buɗe wa waswasi ƙofa. Gudummawar na'urar a nan a kaikaice take: wanda ya san tabbas sandar da ke hannunsa ta isa, bai cika ƙara ƙarfin da ke ɓata lilo ba.

Har ila yau na'urar tana iya zama matsala da kanta. Ciro waya bayan kowane bugu don duba ko an rubuta shi yana raba hankali, kuma ganin katinka yana lalacewa a allo tun ana rami na shida ba ya taimakon kowa. Abin da ya fi shi ne a bar waya a aljihu, a duba ta sau ɗaya a kan hanyar zuwa rami na gaba. A gasa kuma a kunna tsarin gasa na manhajar. Tun 2019 doka ta yarda da na'urar auna nisa sai in kwamitin gasa ya hana, amma ba ta yarda da awon hawa da gangara ko ƙarfin iska a lokacin wasa ba.

Babban raunin na'urar shi ne gyaran bayanai, kuma abin takaici a ramukan da suka fi wahala ya fi bayyana. Ba ta san ƙwallo ya faɗa ruwa ba. Sai ka ƙara tarar da hannunka, in ba haka ba ramin da ka yi bakwai zai fito da shida. Bugu biyu daga wuri ɗaya, kamar ƙwallon ko-ta-kwana da ake bugawa idan ana zaton na farko ya ɓace, sau da yawa takan ɗauke su a matsayin guda. Ɗan taɓawar ƙarshe a bakin rami takan wuce ta, haka ma ƙwallon da abokan wasa suka yafe maka. Wurin tuta ma yana canzawa kullum, idan ba ka nuna mata inda take ba, nisan gangarawarka zai zama ƙiyasi. Gyaran duka bai wuce minti biyar zuwa goma bayan wasa ba, amma a yi shi a ranar, tun ana iya tuna abin da ya faru. Wanda ba zai yi wannan ba, gara ya riƙe kuɗinsa, domin bayanan da zai tara za su wanke ramukan da ke cutarsa su ɗora laifi a wani wuri.

Abu ɗaya da ya kamata a bincika da zarar bayanai sun taru shi ne ramin da ke bin mai wahalar. Sau da yawa ɓarnar ba ta tsayawa a wuri ɗaya: mutum ya yi takwas, ya iso rami na gaba da fushi, ya nemi ramawa da sandar da ba ta dace ba. Idan matsakaicin bugunka a rami mai sauƙi ya yi sama ba dalili, duba wanda ya gabace shi. A nan sanin tsarin handikaf na duniya da aka fara a 2020 yana kwantar da hankali, domin abin da ake rubuta maka a rami ɗaya ba ya wuce par da ƙarin biyu da kyautar bugun da kake da ita a ramin. Mai handikaf 18 da ya yi tara a par 4, bakwai za a lissafa masa wajen handikaf.

Na'urar ta dace da wanda ke buga fili ɗaya ko biyu a kai a kai, aƙalla sau biyu a wata, kuma yana da haƙurin gyara. Sabon shiga da har yanzu bai iya ɗaga ƙwallo sama yadda ya kamata ba, kuɗin ya fi masa amfani a wurin koci. Wanda ke wasa sau huɗu ko biyar a shekara ba zai tara abin da zai isa a yanke hukunci a kai ba, takarda da fensir da zai rubuta sandar da ya ɗauka da inda ƙwallo ya faɗa a ramuka ukun da ke damunsa sun wadatar da shi.