Firinta mai tankin tawada da yadda take jan takardar hoto

Shekara guda ke nan ina amfani da wata ƙaramar firinta mai tankin tawada, irin wadda ake ɗura wa tawada daga kwalba, kuma na saye ta ne musamman domin buga hotunan iyali a gida. Dangane da kyawun hoto ba ni da ƙorafi, domin launi yana fita sarai, tawadar kuma tana daɗewa ba ta ƙare ba. Inda na sha fama da ita shi ne wajen shigar da takardar hoto, kuma wannan ne abin da mai saye ba ya ganewa sai ya kai na'urar gida.

Takardar rubutu nauyinta giram 75 zuwa 80 ne a kowane murabba'in mita, alhali takardar hoto mai sheƙi takan kai giram 200 zuwa 300, ga kauri, ga santsi, kuma ba ta lanƙwasuwa da sauƙi. Wannan firinta tana da mashiga biyu, aljihun ƙasa da ke gaba da kuma tiren baya. Takardar da aka zuba a aljihun ƙasa sai ta yi kwana ta juyo kafin ta iso ƙarƙashin kan da ke fesa tawada, shi ya sa ake kifa ta, fuskar mai sheƙi tana kallon ƙasa, kuma a wannan kwanar ce takarda mai kauri take yawan maƙalewa. Ta tiren baya kuwa hanyar kusan miƙaƙƙiya ce, ana sa takardar fuskarta tana kallon mai aiki, ta gangaro ba tare da an tanƙwara ta ba. Tun da na koma amfani da tiren baya kaɗai maƙalewar ta ragu ƙwarai, kuma a ganina wannan tire shi ne mafi darajar abin da ke jikin na'urar. Duk wanda hoto ne zai kai shi sayen firinta, ya tabbata tana da shi kafin ya biya.

Matsalar da ta fi ɓata mini rai ta zo ne bayan 'yan watanni. Sai in aika hoto, in ji injin yana juyawa, takardar ta ɗan motsa ta tsaya, sannan fitila ta riƙa walƙiya na'urar tana cewa babu takarda, alhali ga ta nan a tire. Dalilin shi ne ƙananan tayoyin roba da ke kamo takarda, waɗanda ƙura da garin da ke fita daga fentin takardar hoto suke lulluɓewa har su daina riƙo, sai su riƙa zamewa a kan santsin. Maganin ba shi da wuya: a cire wayar wuta, a ɗan jiƙa ƙyalle marar gashi da ruwa, a goge robar ana juya ta da yatsa har a zagaye ta, a bari ta bushe sosai. Ba na sa sinadarin barasa, domin yawan amfani da shi yana busar da roba. A nan ne nake ganin laifin masu ƙira, saboda tayoyin suna can ciki inda hannu ba ya kaiwa sai da ƙyar, kuma bayanin tsaftace su yana can ƙarshen littafin jagora, ga shi kuwa aiki ne da kowane mai buga hoto zai maimaita.

Akwai kuma jan takarda biyu ko uku a lokaci ɗaya. Takardun hoto suna mannewa da juna tun daga cikin fakiti, don haka ina karkaɗa su su rabu, in daidaita gefensu a kan tebur, kuma ba na zuba fiye da goma, ko da yake tiren zai ɗauki fiye da haka. Wadda ta sha danshi takan nannaɗe, bakinta ya kasa shiga tsakanin tayoyin, ko kuma ta gogi kan tawada hoton ya fito da baƙin zane a gefe. Ina ajiye ragowar a kwance cikin ledarta a rufe, wadda ta lanƙwashe kuma ina tanƙwara ta a hankali ta ɗaya gefen har ta miƙe.

Ƙaramar takarda mai santimita 10 da 15 ita ce ta fi karkacewa, kuma madogaran gefe na wannan firinta suna da ɗan sako-sako. Sai an matso da su har su taɓa takardar ba tare da sun matse ta ba. Haka nan dole girma da irin takardar da aka zaɓa a kwamfuta ko waya su dace da abin da ke tire, in ba haka ba na'urar ta ƙi ja, ko ta fesa tawadar da ba ta dace da takardar ba.

Idan takarda ta maƙale, ƙofar bayan firintar tana buɗewa cikin sauƙi, kuma wannan abin yabo ne. A kashe na'urar, a kama takardar da hannu biyu, a ja ta sannu a hankali, domin ɗan guntun da ya yage ya saura a ciki yana iya tokare na'urar gano takarda, firintar ta ci gaba da nuna maƙalewa ko da an riga an fitar da takardar.