Ziyarata Creation Museum na Kentucky, ga yadda na gani

Ɗan uwana ne ya kai ni da na je Amurka, wurin gidan tarihi ne kan labarin halittar duniya na Littafi Mai Tsarki, yana Petersburg kusa da Cincinnati, ƙungiyar Answers in Genesis ta Ken Ham ce ta buɗe shi a 2007. Gaskiya na zata kayan kallo ne kawai na yara, ashe wa'azi ne aka gina da gumaka da hotuna.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ɓangaren Adamu da Hawwa'u, an nuna duniya kafin zunubi babu mutuwa, sai ka shiga wani lungu mai duhu bayan faɗuwarsu cikin zunubi. Hujjarsu ita ce in har kwana shida na halitta a littafin Farawa ba kwanaki ne na gaske ba, in mutuwa ta riga Adamu zuwa, to me Bulus yake nufi a Romawa 5:12 da ya ce ta wurin mutum ɗaya zunubi ya shigo, kuma mutuwar Yesu a kan gicciye me ta biya? Shi kansa Yesu ya kafa hujja da Farawa kan aure a Matiyu 19.

Batun da suke cewa dinoso (manyan dabbobin dā da suka shuɗe) sun rayu tare da mutane, kuma duniya shekararta kusan 6000 ce kam, masana kimiyya ba su yarda ba, Kiristoci da yawa ma haka, mun sha musu da ɗan uwana a mota.

Wurin tsaf-tsaf, lambun ma ya yi kyau. Ka sa takalmi mai laushi don tafiyar da yawa, ƙafata ta gaya min.