Jirgin ƙasan Haramain daga Madina zuwa Makka: abun da na gani da ni da Hajiya da buhun dabino

Duk wanda ya sanni ya san ciwona ɗaya ne, tafiya. Wasu kuɗinsu a waya yake ƙarewa wasu a mota, ni nawa a tikiti. Mu shida ne muke adashen tafiya tun muna samari, duk wanda ɗauka ta zo kansa sai ya zaɓi inda zai je, da haka na leƙa Kwatano da Akra da Alƙahira, har Istanbul sau ɗaya. To amma yanzu ga aiki ga iyali, hutun da ake bani a ofis a ƙirge yake, kwana goma oga ya sa min hannu wannan karon kuma sai da ya kalleni ta saman tabarau yace ranar Litinin ina son ganinka a kujerarka. Shi yasa duk abun da zai cinye min yini guda a hanya yanzu kallon abokin gaba nake masa.

Da ɗauka ta zo kaina sai nace a'a, wannan karon ba yawon buɗe ido, Hajiyarmu zan kai Umara. Muka tafi ni da ita da maman yara da mutumina ɗaya daga cikin 'yan adashen. Mun fara da Madina, kwana huɗu, daga nan sai Makka, kuma a nan ne maganar jirgin ta taso.

Hajiya ta yi aikin Hajji tun ina firamare, abun da take tunawa da hanyar Madina zuwa Makka shine bas, zafi, da ƙafa ta kumbura kafin a isa. Ga shi yanzu gwiwa ta matsa mata. Da nace jirgin ƙasa zamu hau sai tace "kai yaron nan, jirgin ƙasa kuma a Makka? Irin na Nguru?" (ni ne ɗan fari, har gobe bata faɗin sunana). Nace Hajiya ki dai bari ki gani.

Ga wanda bai sani ba, layin tun 2018 aka buɗe shi, tsawonsa wajen kilomita 450, tasha biyar ne: Madina, sai birnin Sarki Abdallah da ke kusa da Rabigh, sai filin jirgin saman Jidda, sai cikin garin Jidda, sai Makka. Jiragen na kamfanin Talgo ne na ƙasar Sifen, kuma gudunsu yana kaiwa kilomita 300 a awa. Mu namu awa biyu da kusan rabi ya yi, tafiyar da a bas in an haɗa da tsaye tsaye sai ta ci awa biyar ko shida. Don ku gane, Rigasa zuwa Idu, wato layin jirgin Kaduna zuwa Abuja, kilomita 186 ne kuma duk mun san sama da awa biyu ake yi, to ninka wannan nisan sau biyu har da ɗoriya a kusan lokaci ɗaya.

Tikiti a manhajarsu ta HHR Train muka saya tun ana saura kwana uku, ana saka lambar fasfo na kowa, ka zaɓi kujera da kanka. Katin nairata ya ƙi wucewa, na gwada ya fi sau biyar har na fara zufa, ƙarshe mutumina ne ya biya da katin dalarsa na tura masa naira. Wannan ba laifin jirgi bane, matsalarmu ce ta gida a lokacin, amma ku tabbatar katinku zai wuce. Kuɗin kuma ba tsayayye bane, yana hawa yana sauka gwargwadon rana da lokaci, kuma ya fi na bas tsada ƙwarai, in kuna da yawa zaka ji a aljihunka wlh. Kada kuma kace sai ka je tasha ka yanka, musamman da azumi, kujeru ƙarewa suke.

Yanzu ga inda na sha kunya. Ejan ɗin da ya yi mana biza a gida, ba zan kama suna ba, ce min ya yi "Alhaji ko buhu nawa ne ka shiga dashi ba ruwansu". Ashe shi kansa bai taɓa hawa ba. Ƙa'idar jirgin akwati ɗaya ne ga mutum, kada ya wuce kilo 25, kuma da iyakar girma, sai ƙaramar jakar hannu. Mu kuwa mun baro kasuwar dabino da ajwa katan katan, ga darduma ga jallabiyoyin yara ga carbi na rabon unguwa, ga wata ƙatuwar Ghana mas go da Hajiya ta cika ta ɗaure da igiya saboda zif ɗin ya fashe tun a otal. Daren tafiya ne maman yara ta karanta ƙa'idar a jikin tikitin ta miƙo min wayar bata ce komai ba, kallon kawai ya isheni. Ƙarshe mutumina ne ya sadaukar da kujerarsa, ya bi mota da kayan gaba ɗaya, yana ta mita wai shi ya biya kuɗin jirgi da katinsa kuma shi ne bai hau ba. Har yau in mun haɗu a majalisa sai ya tayar da maganar. Allah ya saka masa, amma dai tikiti ɗaya ya tafi a banza.

Tashar Madina ba kusa da Masallacin Annabi take ba, sai ka hau tasi, kuma ka fita da wuri don ana saka kaya a na'ura kamar filin jirgin sama, ana kuma rufe ƙofa kafin lokacin tashi, ba irin tashar mota bace da zaka kira direba kace gani nan a kwana. Ginin kansa abun kallo ne, rufin kamar manyan lemomi a jere, sanyi ko ina, ga masallaci ga banɗaki mai tsabta. A nan nake bada shawara kowa ya yi alwalarsa, don banɗakin cikin jirgi ƙarami ne irin na jirgin sama, ga ka da harami kana riƙe zane da hannu ɗaya.

Maganar harami ita ce babba, dan Allah a kula. Miƙatin mutanen Madina Zul Hulaifa ne, wato Abyar Ali, kuma a bakin gari yake. Bas yana tsayawa a can kowa ya sauka ya yi wanka ya yi nafila, jirgi kuwa ba ya tsayawa, minti kaɗan da tashi ya wuce wurin. Don haka tun a otal muka yi wanka na ɗaura haramina, jirgi na fara motsi muka ɗauki niyya muka fara Labbaika. Wani bawan Allah a taragonmu yana sanye da wandon jins yana ta neman inda zai canza, tausayi ya bani. Kowa dai ya tambayi malaminsa tun kafin ya baro gida.

Ciki kuwa ba abun cewa. Ƙaramin aji muka hau ba na manya ba, amma kujerar da faɗi, Hajiya ta miƙe ƙafarta, akwai wurin cajin waya, akwai tarago na masu sayar da shayi da ɗan abun taɓawa, farashin dai na matafiya ne, gara ka shigo da ruwanka. Abu ɗaya, wasu kujerun baya suke kallo, in kana da jiri ka duba da kyau lokacin zaɓa, maman yara ta ɗan ji juwa da farko sai muka yi musanya. Akwai allo a sama yana nuna gudu, na ga lambar tana hawa, 200, 250, har ta taɓa 300, na nuna wa Hajiya. Ta dubi kofin shayin da ke gabanta ko girgiza bai yi ba, ta dubi taga duwatsu baƙaƙe suna wucewa kamar ana jan labule, tace "ikon Allah, mu da muka yini a hanyar nan". Daga nan ta ci gaba da talbiyarta a hankali, can na ga tana share ido da bakin hijabi, ban tambayeta ba.

Tashar Makka a unguwar Rusaifa take, ita ma sai ka ƙara hawa mota zuwa Harami, kuma masu tasi a bakin tasha in sun ganka da harami da tsohuwa sun san ba musu zaka tsaya yi ba, don haka ka yi ciniki kafin ka shiga ko ka kira ta manhaja. Duk da haka mun bar Madina bayan Azahar, kafin Isha'i mun gama ɗawafi da sa'ayi, Hajiya a keken turawa, na yi aski. A bas da sai dai washegari, ga gajiya, kuma ga mai kwana goma wannan yinin ba ƙaramin abu bane.

In maki ne zan bashi takwas cikin goma. Mai tsoho, mai ƙananan yara, ma'aikaci mai gajeren hutu, ya hau kawai. Amma in ke 'yar kasuwa ce mai Ghana mas go huɗu, ko kun kai ku goma kuna lissafin riyal, mota ta fi muku, ko kuma ku bar sayayyar tsaraba sai kun isa Makka. Mutumina dai sai wajen sha ɗayan dare ya iso da kayan, katan ɗin ajwa ɗaya a buɗe, wai yunwa ce ta kama shi a hanya.