Layin saiti ko fin: wanne za ka sa a zanen?

Injiniya, ka tambaya ko layin saiti (alamar da ake ja a kan sassa biyu don a daidaita su) za ka sa a zanen ko fin (guntun ƙarfe zagayayye da ke shiga ramin sassan biyu). Tunda murfin akwatin giyar injin nan (gearbox) da gindinsa za a riƙa kwancewa ana mayarwa lokacin gwaji, sa fin biyu kawai, ka huta.

Fin shi ke riƙe sashen da kansa, ko wa ya haɗa, wuri ɗaya zai zauna. Ɗauki mai kaurin 6 mm irin na ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 8734, wanda aka ƙona ya yi tauri, awonsa m6, wato daga 6.004 zuwa 6.012. A gindi rubuta rami 6 H7 (H7 alamar iyakar awon ramin ce), a fara huda da bakin diril 5.8 sannan a bi da rima (bakin da ke gyara rami ya kai daidai awo), don fin ɗin ya shiga da ɗan bugu ya zauna daram. A murfi kuwa buɗa ramin ya kai 6.02, yadda hannu zai iya cire shi. Ramin murfi na biyu ka mai da shi dogo kaɗan, tsawonsa na kallon na farkon. In duka biyun zagaye ne, ɗan saɓanin 0.02 a tazararsu ya isa ya hana murfin shiga, daga nan yaran shago su ɗauko guduma. Nisanta su iya yadda wuri ya bari, amma ka goce da ɗaya kamar 5 mm daga tsakiya don kada a iya juya murfin a ɗaura shi baibai. In ramin bai fasa ba, bar wa iska hanyar fita, in ba haka ba fin ɗin ba zai kai ƙasa ba. Awon wurin ramukan kuma ya taso daga gefen A da B na zanen, waɗanda ka auna mazaunin boris daga gare su.

Layi kuwa ido ne ke karanta shi, kuskuren 0.1 ko 0.2 mm ba wuya. Ramin bol M6 yawanci 6.6 ne, kana fara ɗaurewa murfin ya goce. Amfanin layin bai wuce nuna wane gefe ke haɗuwa da wane ba. In za ka ƙara shi, rubuta faɗi 0.3, zurfi 0.1, tsawo 5 mm, ya ratsa sassan biyu suna ɗaure, kuma a yi shi bayan fenti. Kada a buga shi da ƙarfe kusa da lungun da ke ɗaukar nauyi, daga nan tsagewa ke farawa.

Ka kuma yi hattara wajen saye. Akwai masu yanka rodi mai laushi guntu-guntu su goge baki su ce fin ne. Je da maikiromita (abin awon kauri), ka kuma goga magagari: a jikin na gaske zamewa yake yi, in ya ci ƙarfen to mayar musu da kayansu.