Proxmox a shagona na Jahun: ba ya ƙwace kaya a hannun mai aro

Wata bakwai ke nan ina amfani da Proxmox VE, wani tsarin sarrafa kwamfuta, a shagon buga takardu da nake da shi kusa da kasuwa. Kwamfuta ɗaya ce, sola ke riƙe ta, amma Proxmox ya raba ta gida biyu: Windows na firinta da hoton fasfo, Linux na lissafin kuɗi. Kyauta ake sauke shi, wani kamfani ne a Ostiriya ke yin sa.

Na sayi katin USB, wato allon da ke ɗauke da ramukan sa filas, na sa a cikin kwamfutar, na miƙa shi kacokan ga Windows. Sai da na kunna VT-d na Intel (abin da ke ba da damar miƙa katin ga Windows kai tsaye) a BIOS, wato saitin farko na kwamfuta, kafin ya yarda, wannan ya ci mini yini guda.

Ranar da na san darajarsa, ana kwafar bayanan ƙungiyar manoman riɗi zuwa filas. Ɗan yayana da ke koyon aiki a wurina ya buga umarnin ƙwace katin daga Windows, yana so ya mayar wa uwar kwamfutar, wato Proxmox ɗin kansa. Allo ya yi tsit. Ya ce, "Baffa, ta daskare." Ba daskarewa ta yi ba.

Direban da ke riƙe katin, wato ƙaramin shirin da ake kira vfio-pci, wanda ya shiga zuciyar Linux a 2012, jira yake yi. Ya aika wa QEMU, shirin da ke tafiyar da Windows a cikin Proxmox, saƙo a sako katin, QEMU ya roƙi Windows, direban kuma ya zauna yana maimaita roƙon duk bayan daƙiƙa 10. Ai ko injin ban-ruwa ka ba aro, ba ka kashe shi mutum na tsakiyar fadama. Dalilin kuwa babba ne: irin wannan kati yana rubutu kai tsaye cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba ya bi ta hannun kowa. In aka fizge shi yana cikin rubutu, ɓarnar na iya wuce filas ɗin. Sunayen manoman nan da yawan buhunansu, ko ɗaya bai salwanta ba.

Abin da mai koyo zai sani: allo ba ya faɗin komai, sai ka buga umarnin dmesg ka ga bayanin, da Turanci.

Kuma kariyar ta umarni ce kawai. Hannun yaro in ya zare filas, babu direban da zai tare shi, shi ya sa na juya bayan kwamfutar ya fuskanci bango.